Odewale da mutanen da suka yi shiru: fashin baƙi kan wasan Ola Rotimi

Da yawa daga cikin waɗanda suka yi adabin Turanci a sakandare a Najeriya sun san Odewale, sarkin Kutuje. Ka tambayi kowannensu abin da ya halaka shi, amsa ɗaya za ka ji, wadda aka haddace saboda jarrabawa: zafin rai. Ba ƙarya suka yi ba. Sai dai amsar ta ɗora wa mutum ɗaya kayan da mutane da yawa suka ɗaura, ta kuma mai da wasan tamkar wa'azi a kan fushi, alhali abin da ke cikinsa ya fi haka nauyi. A ganina, shiru ne ya fara cin gidan sarautar Kutuje, fushi kuwa ƙarasawa kawai ya zo ya yi.

Wasan shi ne The Gods Are Not to Blame, wato ba alloli ne da laifi ba, na Ola Rotimi. An fara nuna shi a dandamali a Ile-Ife a 1968, aka buga shi littafi a 1971. An haifi Rotimi a Sapele a 1938, mahaifinsa Bayarabe, mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Ijaw. Ya karanci wasan kwaikwayo a Amurka, a jami'o'in Boston da Yale, ya dawo gida ya kama aiki a Jami'ar Ife, wadda yau ake kira Jami'ar Obafemi Awolowo. Tushen labarin ba nasa ba ne. Aro ya yi daga Sofokilis, marubucin Girka da ya rubuta wasan Sarki Idifus a birnin Atina wajen shekara 430 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rotimi ya ɗauko labarin ya dasa shi a ƙasar Yarbawa ta kafin zuwan Turawa. Wuraren da ya bi Sofokilis sau da ƙafa ba su da wani abin mamaki. Inda ya kauce masa, nan ake gane abin da ke ransa.

Ga labarin a taƙaice. An haifa wa Sarki Adetusa da matarsa Ojuola ɗan fari namiji. Bisa al'ada aka kira mai duba, Baba Fakunle, ya duba abin da yaron ya zo da shi duniya, sai ya ce wannan yaro zai kashe ubansa ya auri uwarsa. Aka ɗaure ƙafafun jaririn da igiyar wuri, aka miƙa wa Gbonka, manzon sarki, ya kai shi daji ya halaka shi. Gbonka ya ji tausayi, ya ba wasu mafarauta yaron a dajin Ipetu. Ɗaya daga cikinsu, Ogundele, ya tafi da shi Ijekun ya rene shi da matarsa Mobike a matsayin ɗansu. Bayan shekara 2 Ojuola ta haifi wani ɗan, Aderopo.

Shekaru suka ja. Aka kashe Adetusa a wata tafiya, mutanen Ikolu suka ga Kutuje ba ta da shugaba suka far mata. Sai ga wani baƙo daga Ijekun mai suna Odewale, ya tattara mutanen gari, ya ja su yaƙi, suka ci nasara. Don godiya suka karya al'adarsu suka naɗa bare sarki, al'adar kuma ta ba shi matar marigayi. Suka haifi 'ya'ya 4. Shekara 11 da hawansa annoba ta sauka, aka aika Aderopo wurin masu duba a Ile-Ife neman dalili, ya dawo da saƙon cewa wanda ya kashe Adetusa yana zaune a cikin gari, kuma cuta ba za ta tafi ba sai an fitar da shi. Daga nan sauran wasan bincike ne, wanda mai binciken shi ne mai laifin bai sani ba.

Kafin a yi maganar zafin ran Odewale, ya kamata a ga yadda Rotimi ya fara nuna shi. Fitowa ta farko, talakawa ne zube a ƙofar fada, suna kuka suna zargin sarki da zama ya naɗe hannu. Bai aiko wani bafade ya sallame su ba. Ya fito da kansa, ya nuna musu cewa cutar ta shiga gidansa ita ma, har 'ya'yansa ba su tsira ba. Sannan ya juya musu tambayar: ku me kuka yi? Wane ganye kuka tafasa, yaya kuka sha? Ya ce hadaya kaɗai ba ta warkar da wanda ya ƙi taimakon kansa, ya tura su daji neman magani, suka tashi suna waƙa. A cikin taron akwai wata mata da mutuwar mijinta ta taɓa mata hankali, tana goye da jariri. Sarki ya lallaba ta aka karɓi jaririn don a kula da shi. Wannan ɗan abin yana da zafi ga mai kallo, domin mai kallo ya riga ya san cewa shi ma wanda ya sa aka karɓi jaririn, an taɓa raba shi da uwarsa yana cikin tsumma.

Mutumin kirki ne, mai aiki, mai ƙin zaman jiran tsammani. Masanin Girka Aristotil ya ce tauraron irin wannan wasa bai kamata ya zama mugu ba, bai kamata kuma ya zama waliyyi ba. Babban mutum ne da wani kuskure ko rauni ke kayarwa. Daga nan malaman makaranta suka samo amsar zafin rai. Kuma lallai akwai shi. Tsohon abokinsa Alaka ma kunama yake kiransa da ita tun suna Ijekun. Amma fushin Odewale ba ya tashi a kan komai da komai. Wuri ɗaya ne in an taɓa yake harbi, wato asalinsa.

Wurin da wannan ya fi fitowa shi ne fitowar gona, wadda Odewale ke ba da labarinta ana kuma nuna ta a dandamali. Bayan ya bar Ijekun ya sayi gona kusa da Ede da guminsa, ya shuka doya. Wata rana ya zo ya tarar da wani dattijo da barorinsa suna tonon doyar, dattijon yana cewa ƙasar tasa ce. Odewale ya daure. An shigar masa gona, ana kwashe masa amfani, an raina shi a gaban barori, duk ya haɗiye, yana ƙoƙarin a yi magana ta hankali. Sai dattijon ya kira ƙabilarsa mutanen daji, aka kuma kwaikwayi yadda yake magana ana dariya. A nan haƙurin ya ƙare. Aka shiga gwada tsafi, kowa na karanto nasa surkullen, daga ƙarshe Odewale ya ɗaga fartanya ya sauke wa dattijon sau ɗaya.

A wasan Sofokilis, faɗan a kan hanya ne: wa zai kauce wa wani a mahaɗar hanya uku. Girman kai ne tsakanin matafiya biyu, ba wani abu ba. Rotimi ya mai da shi rikicin ƙasa da gorin ƙabila, abubuwa biyu da duk ɗan Najeriya ya san irin jinin da suka zubar. Ga kuma abin takaicin da ya gina a ciki: ƙabilar da Odewale ya yi kisa don kare mutuncinta ba tasa ba ce. Harshen da aka yi wa dariya koyonsa ya yi a gidan riƙo. Wanda ya kashe a matsayin bare mai gori, ubansa ne da ya haife shi. Shi ma Adetusa, da ya raina yaron saboda lafazinsa, ɗan cikinsa ya raina.

Ba a cika tsayawa a kan Adetusa ba, domin fitowarsa kaɗan ce, amma ya cancanci a tsaya. Sarki ne, dattijo, ya tarar da gonar da wani ya noma, bai nemi bayani ba ya sa a tona, da aka yi masa magana ya amsa da zagi. In zafin kai ne laifin Odewale, to ga inda ya gado shi. Mutum biyu ne masu hali ɗaya suka haɗu a kunyar doya, babu mai iya sassautawa, kuma babban ne ya fara.

Yanzu ga shirun. A bi labarin daga farko a ƙirga mutanen da suka san wani yanki na gaskiya suka riƙe. Gbonka ya dawo daga daji bai faɗa wa kowa cewa yaron yana raye ba, don haka fada ta yi shekara da shekaru tana zaton an kashe maganar. Ogundele da Mobike ba su taɓa gaya wa Odewale cewa ɗan tsintuwa ne ba. Wani ɗan'uwan Ogundele da ya sani, maimakon ya fito fili, sai ya jefa masa habaici cewa malam-buɗe-littafi ne yake ɗaukar kansa tsuntsu. Habaicin ne ya kai Odewale wurin duba, aka gaya masa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, aka ce ya zauna inda yake kada ya gudu, amma ba a ƙara masa da kalma ɗayar da za ta tsirar da kowa ba: waɗanda kake tare da su ba su suka haife ka ba. Wane ɗa na kirki ne zai ji haka ya ci gaba da kwana gida ɗaya da iyayensa, yana fita gona da fartanya tare da uban? Gudun da ya yi, ƙauna ce ta sa shi. An gudu ba a tsira ba.

Sai Gbonka kuma, karo na biyu. Yana cikin masu rakiyar Adetusa ranar da aka kashe shi, ya dawo ya ce 'yan fashi ne. Ana iya fahimtarsa: da wane baki mai tsaron sarki zai ce manomi ɗaya ne ya gama da ubangidansa suna wurin? Amma ƙaryar ta toshe hanyar bincike na shekaru, kuma ita ta sa da Odewale ya ji labarin mutuwar Adetusa bai haɗa ta da dattijon gonarsa ba. Gbonka shi ne mutumin da ya fi kowa ban sha'awa a cikin ƙananan 'yan wasan. Sau biyu ya ɓoye gaskiya, na farko don tausayi, na biyu don kunya, kuma babu ɗaya daga ciki da mai kallo zai ce shi ba zai iya aikatawa ba.

Abin lura a nan shi ne babu mugu ko ɗaya a cikin jerin nan. Wasan ba shi da maƙetaci mai ƙulla sharri a bayan fage. Kowa rufin asiri yake yi, ko kawaici, ko gudun faɗin abin da ba ya faɗuwa a gaban manya. Aderopo ya dawo daga Ile-Ife yana ta kewaye-kewaye, yana neman a keɓe kafin ya yi magana, sarki na cewa ya faɗa a gaban jama'a. Ladabi ne Aderopo yake yi. Odewale kuwa, da ya saba jin kansa bare a tsakiyar 'yan gari, abin da ya gani shi ne ana ɓoye masa wani abu. Baba Fakunle ya zo, ya ƙi magana, ya nemi juyawa ya tafi, sai da aka tsare shi aka fusata shi sannan ya faɗi gaskiya a sigar zagi: ya kira sarki makashi, ya kuma yi masa gorin shimfiɗar da yake kwana a kai. Gaskiyar da aka jefo cikin faɗa wa zai karɓe ta? Odewale ya ɗauka sayen bakin tsohon aka yi.

Kuma zarginsa ba hauka ba ne, in aka tsaya inda yake tsaye. Aderopo ɗan marigayi sarki ne, shi ya kamata ya gaji gadon da aka ba baƙo. Yana zaune a fada a matsayin agola, shi ya je Ile-Ife, shi ya kawo mai duban, mai duban kuma ya nuna sarki da yatsa. Sannan Odewale yana tunanin cewa mutanen da aka kashe musu sarki ɗan ƙasarsu ba su bi kadin jininsa ba, me zai hana su yi wa baƙo abin da ya fi haka? Lissafin ya tafi daidai, tushensa ne kawai ƙarya, kuma ba shi ya kafa tushen ba.

A nan ma Rotimi ya sauya wani abu da gangan. A wasan Girka, wanda sarki ke zargi da ƙulla masa makirci shi ne Kiriyon, ɗan'uwan sarauniya, wato surukinsa. Rotimi ya cire suruki ya sa ɗan sarauniya. Saboda haka lokacin da Odewale ya rantse cewa idonsa ba zai ƙara ganin Aderopo ba, ya kore shi daga gari, ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya yake kora. An nuna wasan ne a tsakiyar yaƙin basasa, wanda aka fara a Yulin 1967 aka gama a Janairun 1970. Masu kallo a Ife a 1968 ba su buƙaci a fassara musu wa da ƙani da ke kallon juna a matsayin abokan gaba ba.

Rantsuwa kuwa ita ce tarkon da ya ɗana wa kansa. Tun kafin ya san komai ya tsaya a gaban Ogun, abin bautar Yarbawa na ƙarfe da yaƙi, ya yi alkawarin cewa duk wanda aka kama za a ƙwaƙule masa ido a kore shi daga ƙasa. Baki shi ke yanka wuya. Amma a yi masa adalci: da gaskiya ta fito, bai nemi mafita ba. Sarki ne, yana da dakaru, yana iya cewa ai bai sani ba. Ya zartar wa kansa hukuncin da ya yanke wa wani, ya kuma nemi gafarar Aderopo. Shi kaɗai ne a duk wasan ya dage sai an faɗi magana a fili, har lokacin da manyan gari suka fara gane inda aka dosa suna so a bar ta.

Wanda ya fasa ƙwan kuwa Alaka ne, mai surutu da barkwanci, wanda ya zo daga Ijekun da labarin rasuwar Ogundele. Da ya ji abin da ya kori abokinsa daga gida, sai ya yi dariya, ya ce ai in don wannan ne ya kwantar da hankalinsa, Ogundele da Mobike ba su suka haife shi ba. Albishir yake zaton ya kawo. Dabara ce mai kyau ta marubuci: masu hikima da masu muƙami duk sun yi gum, sai wanda ba ya iya riƙe bakinsa ya faɗi abin da ya kamata a faɗa shekara da shekaru da suka wuce.

Ojuola ita ce wadda na fi jin an tauye a wasan. An nuna ta mace mai haƙuri da biyayya, mai lallashin miji, mai shiga tsakaninsa da ɗanta. An karɓe mata jariri, an kashe mata miji, an ba da ita ga sabon sarki tare da gadon sarauta, duk ba a ji ra'ayinta ba. Wuri ɗaya ta buɗe cikinta, lokacin da take son ta nuna wa Odewale cewa maganar Baba Fakunle ba abin dogaro ba ce: ta ba shi labarin ɗan da tsohon ya sa aka raba ta da shi, da kuma inda aka kashe Adetusa. Tana nufin ta kwantar masa da hankali, sai ga shi ta miƙa masa bakin zaren. Shekara 11 suna tare, da 'ya'ya 4, bai taɓa jin labarin ɗanta na fari ba, ita ma ba ta taɓa jin labarin gonar Ede ba. Da ta gane, ba ta yi dogon jawabi ba, ta shiga ɗaki ta soka wa kanta wuƙa. Mace mai irin wannan tarihi ta cancanci fili fiye da wanda Rotimi ya ba ta. Ya bar ta a matsayin madubin da ake ganin masifar Odewale a ciki, alhali tata masifar ba ta gaza tasa ba.

Saura sunan wasan. Rotimi da kansa ya bayyana cewa allolin da yake nufi har da manyan ƙasashen duniya, irin su Amurka da Rasha da Ingila da Faransa, waɗanda 'yan Najeriya ke ɗora wa laifin yaƙinsu, alhali rashin yarda tsakanin ƙabilu ne ya buɗe musu ƙofa. Shi ya sa a ƙarshe ya sa Odewale ya hana a zargi alloli, ya ce rauninsa ne, son ƙabilarsa da ya kai shi ga kisa, ya ba su dama. A matsayin saƙo ga ƙasar da ke cikin yaƙi, magana ce mai ƙarfi, kuma har yau ba ta tsufa ba.

A matsayin bayanin abin da ya faru a dandamali kuwa, ba ta rufe ko'ina ba. An yanke wa yaron hukunci yana jariri, bai san ƙabila ba, bai san fushi ba. Gorin ƙabila ya bayyana kisan uba, amma bai bayyana auren uwa ba. Wannan al'adar Kutuje ce ta ɗaura shi, a matsayin ladan taimakon da ya yi musu. Mai karatu Bahaushe zai zo da nasa ma'aunin, wanda ya saba da shi tun daga makarantar allo: ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa mutum alhakin abin da hannunsa ya aikata. Da wannan ma'aunin Odewale yana da laifin jinin dattijon ko da ba ubansa ba ne. Zai kuma lura da wani abu da wasan bai furta ba amma ya nuna: duk matakin da ya kusantar da masifar, an ɗauke shi ne bayan an je duba. Da ba a duba wa jaririn ba, da ya tashi a gidan ubansa ya san fuskar uwarsa. Da bai je duba a Ijekun ba, da bai bar garin ba.

Inda hujjar sunan wasan ta fi rauni shi ne kan yaran. A wasan Sofokilis, Kiriyon ya raba makahon sarki da 'ya'yansa mata a ƙarshe. Rotimi ya sa Odewale ya tafi da nasa duka huɗun, Adewale da Adebisi da Oyeyemi da Adeyinka, ya kuma hana kowa tsayar da su. Babbansu bai wuce shekara 10 ba. Ba su yi fushi da kowa ba, ba su yi wa kowa gorin ƙabila ba, ba su ɓoye wata gaskiya ba, kuma a cikin manyan Kutuje da suka ci moriyar ubansu shekara 11, wasan bai nuna ko ɗaya da ya tsaya kai da fata a bar su a gari ba.